Hawan barade a ƙarƙashin rufi: yadda ake kai ƙananan yara wasan dawaki da liyafa irin ta Turawan da

Karon farko da muka kai yara irin wannan wuri, Abbansu bai ga ƙarshen wasan ba, kai ko tsakiyarsa bai gani ba. Ana kashe fitilu, kiɗa ya ɗauka, hayaki ya turnuƙe fili, sai autanmu, wanda bai daɗe da cika shekara 3 ba, ya ƙanƙame wuyan ubansa ya tsala ihun da ya sa na gabanmu duk suka waiwayo. A zaure suka ƙare, uba yana jijjiga ɗa, kaza tana hucewa a faranti. Laifin kuma ba na kowa ba ne, namu ne. Wasan dare muka saya, yaro bai yi barcin rana ba, rabonsa da abinci tun azahar, sannan babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa abin da zai gani.

Sai bayan shekara biyu muka koma, da shirinmu. Wannan karon har da Hajiya, mahaifiyar maigidan, da ta zo mana ziyara daga Kano. Da dawaki suka fara shigowa a jere, tutoci a gaba, ta gyara zaman mayafinta ta ce, "Ikon Allah. Yau ga hawan Daushe an yi masa rufi, har da kaza." Yaron da ya yi kuka a wancan karon, shi ne ya koma gida da shaƙaƙƙiyar murya saboda ihun zuga bardensa.

Abin da ya raba tafiya ta farko da ta biyu, duk a gida aka yi shi, ko a bakin ƙofa, tun kafin doki ɗaya ya fito.

Ku fara sanin inda za ku

Mafi shahara cikin masu wannan sana'a a Amurka da Kanada shi ne kamfanin Medieval Times. Daga Sifaniya abin ya samo asali, aka buɗe gidan farko na Amurka a Kissimmee ta jihar Florida a 1983. Daga nan ya bazu: Buena Park a California, Lyndhurst a New Jersey, Schaumburg kusa da Chicago, Dallas, Toronto, Myrtle Beach, Hanover a Maryland, Lawrenceville kusa da Atlanta, sai Scottsdale ta Arizona da aka buɗe a 2019. Gidaje goma ke nan, kuma da yawa daga cikinsu suna kusa da garuruwan da mutanenmu suka fi zama. A Las Vegas akwai makamancinsa a otal ɗin Excalibur, ana kiransa Tournament of Kings.

Tsarin gidajen Medieval Times ɗaya ne. Gini ne mai kamar ganuwa, a tsakiyarsa fili mai yashi, kewaye da kujeru hawa-hawa, kowane layi da dogon teburi a gabansa, kowa yana fuskantar fili. Ana raba 'yan kallo kashi shida, kowane kashi da launinsa da bardensa: ja, kore, shuɗi, rawaya, baƙi da fari, sai ja da rawaya. Kuna ci, barade suna sukuwa, suna gwada gwaninta da mashi, daga ƙarshe su gwabza har ɗaya ya rage. Wajen awa biyu ake yi.

Labarin da ake shirya wasan a kansa ƙagagge ne, amma sun ce a Sifaniya ta ƙarni na 11 yake faruwa. Wannan ya ba ni dariya da na tuna abin da ke gudana a ƙasar a wancan ƙarnin: a 1085 birnin Toledo ya faɗa hannun Sarki Alfonso na Shida, shekara ɗaya bayan nan Yusuf bin Tashfin ya tsallako da Murabiɗun daga Magrib aka yi yaƙin Zallaƙa. Rabin labarin ƙasar a lokacin na Andalus ne. Ba za ku ji wannan a wurin wasan ba, amma idan kuna da babban yaro mai son tambaya, ga abin hira a mota. Fararen dawakin ma da za su gani suna rawa, jinsin Andalus ne.

Wane yaro ya isa zuwa?

Nan ne yawancin iyaye ke yaudarar kansu, ni ma na yi. Doka a Medieval Times ita ce yaron da bai kai shekara 3 ba yana shiga kyauta, in dai a cinya zai zauna kuma a farantin babba zai ci. Kalmar "kyauta" ita ke jan mu. Amma ku yi tunani: awa biyu a wuri mai duhu, ga lasifika, ga ɗaruruwan mutane suna ihu lokaci guda, ga yaro a cinya, hannunku biyu kuma duk maiƙon kaza. Jariri na goye da ke barci ko ana ruwan ƙanƙara, wani lokaci ya fi ɗan shekara 2 sauƙi, in an toshe masa kunne. Ɗan shekara 2 zuwa 3 shi ne mai wuyar sha'ani, don ya yi wayon jin tsoro, bai yi wayon gane wasa ba.

A ganina daga shekara 5 abin yake fara daɗi, daga 6 zuwa 10 kuwa kamar don su aka yi shi. Ɗan shekara 4 ya danganta da halinsa, kuma ku kuka san ɗanku. Ku tambayi kanku abubuwan nan. Yana iya zama ya kalli fim daga farko har ƙarshe? Yaya yake yi idan aka harba wasan wuta, ko injin busar da hannu na banɗakin kasuwa ya tashi da ƙara? Idan ya ga an kayar da wani a talabijin, dariya yake yi ko ɓuya a bayan kujera? Amsar nan ta fi shekarun haihuwa faɗin gaskiya.

Sai maganar lafiya, wadda ba a wasa da ita. Akwai fitilu masu walƙiya, akwai hayakin wasa, akwai ƙura da gashin doki a rufaffen wuri. Yaro mai farfaɗiya, ku yi magana da likitansa kafin ku sayi tikiti. Mai asma kuwa, abin shaƙarsa ya kasance a aljihu, ba a mota ba.

Idan kuna da babba ɗan 8 da ƙarami ɗan 2, babu laifi a raba tafiya: ɗaya daga cikin iyaye ya kai babban, ƙaramin ya jira shekararsa. Wasan ba gudu zai yi ba.

Rana, lokaci, da tikiti

Ku nemi wasan rana. A ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutun makaranta sukan yi wasa fiye da ɗaya, na farkon shi ne naku. Yara sun fi yawa a cikinsa, don haka kukan ɗanku ba zai zama abin kallo ba. Kuma wurin yana sayar da giya. Taron dare, musamman na Asabar, ya fi cika da manya masu nishaɗinsu, muryoyi sun fi tashi. Da rana abin ya fi natsuwa.

Ku lissafa lokacin salla tun a gida. Tsakanin isowa da wuri, da wasan kansa, da fita, awa uku da rabi ba wuya sun tafi. A Toronto ko Maryland cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, ke nan wasan ƙarfe huɗu zai haɗiye magariba, yana iya taɓa la'asar ma. Da bazara kuwa akwai sarari sosai. Mu dai da alwalarmu muke fita, da darduma a but ɗin mota.

Tikiti a intanet ake saya. Farashi yana canzawa daga gari zuwa gari, amma ku sa a ranku na babba ya haura dala 60, na yaro ɗan 12 zuwa ƙasa ya fi sauƙi, sannan ga haraji da kuɗin sarrafawa a kai. Kada ku biya cikakken farashi ba tare da kun duba shafinsu ba, don da wuya a rasa wani rangwame da ke gudana. Za a nuna muku ƙarin tsare-tsare masu sunayen sarauta: kujerar gaba, tutar kaɗawa, hoto, kek, ambaton suna a cikin wasa. Idan zagayowar ranar haihuwar yaro ce, ambaton sunan yana faranta masa rai, sai dai ku shirya jin yadda Bature zai karanta "Abdurrahman" ta lasifika. In ba haka ba, tikitin gama-gari ya wadatar, domin kujerun ba su da zurfi, daga ko'ina ana ganin fili.

Tukuicin mai kawo abinci ba ya cikin kuɗin tikiti. Ku ware shi tun a gida, kamar yadda ake yi a kowane gidan abinci a ƙasar.

Maganar abinci

Abin da Turawa ke ɗauka babban abin mamaki a wurin shi ne babu cokali, babu wuƙa, da hannu ake ci. Za ku ga manya suna kallon yatsunsu suna dariya kamar sun yi wata bajinta. Hajiya ta dube su ta dube ni ta ce, "Wai wannan ɗin ma biya ake yi?" 'Ya'yanmu da suka tashi da tuwo ba su da matsala a nan. Sai dai a tuna musu da hannun dama, don ɗokin kallo yakan sa su manta.

Abincin a jere yake zuwa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: burodi mai tafarnuwa, miyar tumatir a kwano mai mariƙi da ake kurɓa, gasasshiyar kaza, masara mai man shanu, dankalin turawa, sai kayan zaƙi a ƙarshe. Ana zuba lemo ko ruwa. Masu hidimar suna da barkwancinsu, sukan ce miyar jinin dodo ce, kazar kuma ɗan dodo. Manya su yi dariya, amma ƙaramar 'yata ta ture kwanon ta ce, "Umma, ni ba na shan jini, haramun ne." Da ƙyar na shawo kanta. Ku riga su faɗa wa yaro cewa tumatir ne.

To, ga babbar tambayar: yankan kazar. Ba zan yi wa kowa fatawa ba. Cikin Musulmin da ke zaune a ƙasashen nan akwai masu cin naman da ake sayarwa a ko'ina bisa fahimtarsu ta yankan Ahlul Kitabi, akwai waɗanda ba sa taɓa komai sai mai shaidar halal. Kowa ya san inda ya tsaya. Abin da zan ce kawai, kada ku bari sai kaza ta sauka a farantin yaro sannan ku fara muhawara da shi a cikin duhu. Ku kira reshen da za ku, kwana biyu ko uku kafin ranar, ku tambayi inda kazarsu take fitowa. Reshen kansa za ku tambaya, domin wanda ke sayar wa na Toronto nama ba lallai shi ke sayar wa na Dallas ba. Ku haɗa da tambayar abin da ke cikin miya da kayan zaƙi, musamman idan akwai yaron da madara ko alkama ko gyaɗa ke tayar wa da ciwo.

Idan kaza ba ta yi muku ba, akwai abincin marasa cin nama: faten wake da shinkafa, da kwaɗon wake irin na Larabawa da gurasa, da karas, da 'ya'yan itace. Shi ana ba da cokali. Da kun zauna za ku gaya wa mai hidimar layinku, kafin a fara rabo. Amma ku gaya wa yaro tun a gida cewa shi wake zai ci, kuma na kusa da shi zai ci kaza, ku yi masa alkawarin tasa kazar a gida ko a gidan abincin da kuka yarda da shi. Yaron da aka shammata da wake alhali yana jin ƙanshin gashi, ba zai yafe ba.

Ko ma mene ne za a ci, kada ku kai yaro da yunwa. Wannan shi ne kuskurenmu mafi girma a karon farko. Mun ce ai abinci za a ci, bari a bar ciki. Ashe daga shiga gini zuwa saukar kaza, fiye da awa ɗaya da rabi ne, domin sai an yi jira a zaure, an zauna, an kawo burodi, an kawo miya. Ku ba shi abinci na gaske awa ɗaya ko biyu kafin fita. Abin da ya ci a can, riba ne. Yawancin ƙananan yara ma burodi da masara kawai suke ci, idonsu na kan dawaki. Ragowar kaza sai ku nemi abin ƙunshewa ku tafi da ita.

Miyar da zafinta take zuwa, kwanon kuma na ƙarfe ne, ga duhu. Ku janye na yaro gabanku har ya huce.

Shirin da ake yi a gida

Wannan shi ne zuciyar maganar. Kwana uku kafin tafiya, ku fara ba yaro labari kaɗan-kaɗan. Mu da bidiyon hawan salla muka fara, tunda sun saba ganinsa a wayar Abbansu: ga 'yan sulke, ga 'yan lifidi da kwalkwali, ga zagage, ga masu jahi suna sukuwa su ja linzami a gaban sarki su ɗaga mashi. Muka ce musu Turawa ma a zamanin da suna da baradensu, da nasu sulken, da nasu sarakunan, kuma wasan kwaikwayonsu za mu je gani. Daga nan muka nuna musu gajeren bidiyon wasan kansa, da murya a buɗe, don kunnensu ya san ƙarar.

Bambancin da ya kamata ku jaddada shi ne wannan: a hawan salla ba a yin faɗa, a nan kuwa ana yi. Za su ga an sari mutum da takobi ya faɗi, ya kwanta shiru, a zo a ɗauke shi. Ga babba wasa ne. Ga ɗan shekara 4, mutum ya mutu a gabansa, kuma mutane suna tafi. Ku faɗa masa da kalmomin da zai gane: babu wanda zai mutu, babu wanda zai ji ciwo, abokai ne, kullum suna koyon yadda za su faɗi, bayan an gama duk za su fito su gaisa da mu. Abbansu har gwadawa ya yi da su a falo da muciya, ya faɗi ya mimmiƙe, sannan ya tashi yana dariya. Wannan faɗuwar ta falo ta fi duk bayanina aiki.

Ku kuma gaya masa gaskiya ta biyu: barade shida ne, ɗaya ne zai yi nasara, don haka ya fi yiwuwa namu ya sha kaye. Tun kafin a fara an riga an tsara wanda zai ci. Yaro yakan ɗauki barden launinsa kamar ɗan'uwansa cikin minti goma, kuma na ga yara da yawa suna kukan faɗuwar barde fiye da kukan tsoro. Mu mun yi yarjejeniya: in namu ya faɗi, sai mu koma bayan wanda ya fi kyan doki.

Sai duhu. Ku ce za a kashe fitilu kamar a silima, za a yi hayaki amma ba gobara ba ce, takubba za su yi tartsatsi in sun haɗu.

Abin da za a zuba a jaka

Abin rufe kunne na yara, irin mai kama da na jin waƙa, shi ne na farko, kuma ku sa yaro ya gwada shi a gida. Sai tsumman goge hannu mai danshi da yawa, don wanda za a ba ku a ƙarshe ba zai ishi hannun yaro ɗaya ba. Riga ta canji. 'Yar rigar sanyi, saboda na'urar sanyaya ɗaki. Famfas ga mai buƙata. Kada ku sa musu kayan salla, musamman farar shadda; miyar tumatir da maiƙon kaza a duhu ba su san tsada ba. Keken tura yaro ba shi da wuri tsakanin kujerun, gara zanen goyo.

A zaure

Ana buɗe ƙofa awa ɗaya ko fiye kaɗan kafin wasa. Masu son kujera mai kyau suna zuwa tun buɗewa, domin a wurin rajista ake ba da katin teburi, kuma na farko ya fi samun na gaba. Amma da ƙaramin yaro, awa guda a tsaye cikin cunkoso tana cinye haƙurin da ake buƙata a ciki. Minti 40 zuwa 45 ya ishe ku.

Da shiga za a ɗora wa kowa kambin takarda mai launin bardensa, a ɗauki hoto. Hoton ba dole ba ne ku saya, daga baya za a kawo muku shi a kujera ku ce e ko a'a.

Babban zauren kasuwa ne, kuma kayan a daidai tsayin idon yaro suke: takubban katako, garkuwa, masu walƙiya, tutoci, kambin gimbiya. Ku yanke hukunci tun a mota, ku faɗa musu: abu ɗaya kowa, ko ba komai. In za ku saya, tuta ta fi takobi, domin ana kaɗa ta a zaune ba tare da an tsokane wa maƙwabci ido ba. Takobi, in ya zama dole, a saya a hanyar fita.

A wasu rassan akwai ɗakin da ake biya daban a shiga, inda aka jera kayan azabtar da mutane na zamanin da, da bayanin yadda ake amfani da su. Kada ku kai ƙaramin yaro. Ko ɗan shekara 10 sai kun yi tunani. Maimakon haka ku nemi inda ake leƙen dawaki a bargarsu, in reshen yana da shi, ko wurin da mai shaho yake tsayawa da tsuntsunsa. Yaron da ya ga doki a tsaye yana cin ciyawa, ba ya firgita in ya gan shi a guje.

Minti goma sha biyar kafin a fara kiran mutane launi-launi su shiga wurin wasa, kowa ya je banɗaki, har wanda ya rantse ba ya ji.

Wurin zama

Kowa layin gaba yake so, amma ga mai ƙaramin yaro ba shi ne ya fi ba. A gaba doki yana wucewa dab da fuska, ƙasa tana girgiza, ƙura tana tashi. Layi na biyu ko na uku ya fi, kuma abin da ya fi komai shi ne bakin layi, kusa da matakala, yadda za ku fita ba tare da kun tayar da mutum goma daga kan kazarsu ba. Ku roƙa a wurin rajista, ku ce kuna da ƙaramin yaro. Ku tambayi ko suna da abin ƙara tsayin kujera. Yaro ya zauna tsakanin manya biyu, kofinsa kuma nesa da gwiwar hannunsa.

In an fara

Minti biyar na farko su ne masu wuya: duhu, hayaki, murya mai kauri daga lasifika. Ku sa masa abin kunne tun kafin a kashe fitila, ku ɗora shi a cinya, ku riƙa raɗa masa abin da ke zuwa. In ya tsallake nan, sauran da sauƙi.

Rabin farko mai laushi ne. Ana gabatar da barade, dawaki suna taka rawa a hankali, sannan a saki shaho ya yi shawagi a saman kawunan jama'a. Lokacin shahon za a ce kowa ya zauna, kada a ɗaga hannu ko tuta. Ku riƙe naku da kyau. Haka nan ku hana su buga kwano a teburi, yana razana dawaki. Bayan nan sai wasannin gwaninta, barde ya zo a guje ya zare zobe da tsinin mashi, ko ya jefa mashi a bara. Tsakanin wasanni akwai doguwar magana tsakanin masu sarauta, da Turancin da aka yi wa ado irin na da, wanda yaro ba zai fahimta ba. A nan ne gajiya take kama su, a nan ne kuma za ku tura musu masara, ko ku yi saurin kai mai jin fitsari.

Akwai wani abu da ban yi tsammani ba: furanni. Barde in ya yi nasara a wasa yakan jefa fure cikin mutanensa, yawanci ga mata da 'yan mata. Furannin kaɗan ne, 'yan matan da yawa. Babbar 'yata ta miƙa hannu har sau uku ba ta samu ba, idonta ya ciko. Hajiya ce ta ceci lamarin, ta ce, "Ke da za a kawo miki lefe, me za ki yi da fure ɗaya?" Ku gaya wa taku tun da wuri cewa sa'a ce, ba zaɓen wadda ta fi kyau ba.

Bayan an kwashe farantan kaza ne ake shiga karon gaske. Barade biyu su taho da gudu daga ɓangare biyu, masu su haɗu su tarwatse, ɗaya ya faɗo, a ci gaba a ƙasa da takobi da gatari. Nan ihu yake kai ƙarshe. Ku daina kallon fili, ku kalli fuskar ɗanku. In yana ihu tare da mutane, ku bar shi. In ya yi tsit, ya ƙanƙame ku, ko ya fara tambayar yaushe za a tafi gida, kada ku ce "ai kai namiji ne". Ku ɗauke shi ku fita zaure minti biyar, ya ga haske, ya sha ruwa. Sau da yawa shi da kansa zai ce a koma. In bai ce ba, kuɗin sun riga sun tafi, kada a ƙara da mafarkin tsoro na mako guda. Ku yanke tun a gida wane ne mai fita, uwa ko uba, don kada a tsaya kallon-kallo a cikin duhu. A gidanmu Abbansu ya ce ya yi nasa a karon farko, saura ni.

Fita

Kafin a gama ne mai hidima zai zo da kayan zaƙi da ɗan farantin tukuici, ku sa kuɗin a kusa. Da an kunna fitilu kada ku bi rububin ƙofa. Ku zauna minti biyar, ku goge hannuwa, ku duba ƙarƙashin teburi don takalmi da kambi.

Sannan ku cika alkawarin da kuka yi a gida. Bayan wasa baraden sukan fito zaure su gaisa da mutane, a ɗauki hoto. Ku nemi naku, musamman idan shi ne aka kayar, ku kai yaro ya gan shi a tsaye da ƙafafunsa. Autanmu ya daɗe yana kallon namu, jan barde, wanda aka fitar a kwance rabin awa da ta wuce. Ya zagaya bayansa ya duba, ya taɓa sulken da yatsa ɗaya, sannan ya juyo ya ce, "Abba, ashe da gaske irin faɗuwarka ya yi."

A mota, kafin mu hau babban titi, biyu sun yi barci da kambinsu a ka. Takobin katakon da muka saya a hanyar fita kuwa, kwana huɗu ya yi a hannun autanmu kafin ya fasa min fitilar falo, na ɗora shi saman firji.